Kwanon Baba da Yaƙin 'Yan Gurguzu

Ranar wata Juma'a ce a farkon shekarar 1980, ranar da kasuwar Wudil ke ci, ina 'yar shekara tara da farantin daddawar batso a kaina. An tashe mu daga makaranta da wuri, na tuɓe kayan makaranta na ɗauki talla, na bi ta layin masu tukwane na ɓullo wajen wani mai shayi a hanyar kara, kasuwar shanu. Mutane sun yi cincirindo a bencinsa amma ba mai shan shayin, kowa ya karkata kunne ga wata rediyo da aka ɗora a kan gwangwanin madara. Ni da Allah ya zuba wa son jin ƙwaƙwaf, na kutsa da farantina, har wani ya toshe hanci ya ce yarinya matsa da wannan abu naki. A nan na ji mai karanta labarai yana cewa 'yan gurguzu sun shiga wata ƙasar Musulmi da tankokin yaƙi, kuma manyan ƙasashen duniya sun lashi takobin sai sun ga bayan 'yan gurguzu duk inda suke. Wani mahauci ya bugi cinya ya ce, "Allah ya tsine wa 'yan gurguzu!" Aka amsa da amin baki ɗaya. Na ja da baya da farantina, domin a duk faɗin garin Wudil ban san wasu 'yan gurguzu ba sai mu.

Yaran yanzu da suka tashi da dunƙulen kanti ba lalle su gane ba. Gurguzu shi ne ƙwayar yakuwa, kuma da shi ake yin daddawar batso. Sana'ar mahaifiyarmu ke nan, Inna. Matan Indabo da na Lajawa ke kawo mata shi a buhu, mu tsince, mu wanke, a dafa shi da ruwan toka a wata tukunya da ta fi ni tsayi, a rufe shi a ɗaki ya kwana ya tashi har ya ruɓa, sannan a kirɓa a dunƙula a shanya. Warin kuwa ba a magana. Ya kama bangon gidanmu da zannuwanmu, har littattafaina na makaranta ba su tsira ba. Idan baƙo ya tambayi gidan Malam Isa mai lambu, ce masa ake ya bi hancinsa, zai kai shi gidan 'yan gurguzu. Ba zagi ba ne a lokacin, kwatance ne kawai.

Da gudu na iso gida, rabin daddawar ta zube a hanya, ina kuka ina cewa mu gudu an ce za a zo a kashe mu. Da Inna ta fahimci abin da ya koro ni, ta yi dariya har ta zauna daɓas a kan turmi tana share hawaye da haɓar zane. Ta ce wa zai taso tun daga Amurka don ya yaƙi tukunyarta, in ba warin ne ya kai musu can ba? Maƙwabta suka leƙo ta katanga, aka yi ta sheƙewa da ni. Baba yana zaune a kan tabarma, dawowarsa ke nan daga masallaci. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya sa na maimaita abin da na ji, ya tambaye ni ko an ambaci Rasha, na ce an ambata. Ya ɗauki hularsa ya fita, bai ko taɓa furar da aka dama masa ba.

Babban yayanmu, Yaya Habibu, yana Rasha a lokacin. Gwamnati ta ba shi tallafin karatu ya tafi koyon injiniyancin ban-ruwa. Ba kuma don burga ya zaɓi wannan fanni ba. Baba manomin rani ne, yana da lambun albasa da tumatir a bakin kogi, kuma da jigo yake ba shi ruwa: doguwar sanda mai guga a gaba da dunƙulen laka a baya, a duƙa a ɗebo, a miƙe a juye, tun daga hantsi har rana ta yi sanyi. Yaya ya taso yana jan jigon nan, yana kuma ganin yadda yake lanƙwasa bayan mahaifinsa. Ya sha faɗa mana cewa in ya dawo, ruwa da kansa zai riƙa bin kwamin shuka yana gaida albasa. Ranar tafiyarsa unguwa ce ta raka shi tasha. Alhaji Tanko mai fata, attajirin layinmu, ya cire wata tsohuwar kwat da ya taɓa sayowa a hanyar Makka ya yafa masa, ya ce ya ji labarin sanyin can yana sa yawu ya daskare kafin ya kai ƙasa. A ranar ba wanda ya tambayi irin mulkin da ake yi a Rasha. Turai ce kawai, yaro zai je ya yi ilimi.

Sai da na girma na zama malamar makaranta na karanta tarihin abin da kunnena ya tsinta a wajen mai shayi. Ƙattai biyu ne suka raba duniya, Tarayyar Sobiyat mai bin gurguzu da Amurka mai bin jari-hujja, kowa na tsoron makamin ɗan'uwansa, don haka ba su taɓa naushin juna a fuska ba. A gidajen mutane suke dambensu. Sun yi a Koriya, sun yi a Biyetnam, sun yi a Angola. A Afganistan, Sobiyat ta shigo da sojojinta don ta tallafi gwamnatin da ke bin tafarkinta, Amurka da ƙawayenta kuma suka riƙa tura kuɗi da makamai ga masu yaƙarta daga kan duwatsu. Mutanen ƙasar su ne suka mutu, su ne suka bar gonakinsu suka cika sansanonin gudun hijira. Waɗanda suka fassara sunan aƙidar zuwa Hausa sun ɗauko kalmar ne daga cin gurguzu, wato a taru a kan abu ɗaya ba nawa ba naka. Ba su san akwai wata mata a Wudil da za su jawo wa magana ba.

A unguwarmu yaƙin ta rediyo ya shigo, kuma a wajen ciyayya ya sauka. Kullum bayan sallar magariba magidantan layinmu kan hallara a ƙofar zauren Alhaji Tanko, kowane gida a fito da kwanon tuwo, a jera a tsakiya, a ci na wannan a koma na wancan. Ba wanda ke cin na gidansa shi kaɗai, kuma a wajen ake sanin gidan da ke cikin wani hali ba tare da an tambaya ba. Ni ce mai kai kwanon Baba, ni ce kuma mai jira a gindin dakali in kwaso shi. Inna ta iya miya, ba don tana uwata ba. Kwanonmu shi ake fara buɗewa, kuma a suɗe yake dawowa, har ta kan ce sun rage mata wanki. Alhaji yana da wata babbar rediyo mai cin kaset, mai eriya kamar tsinken tsire. Bayan an wanke hannu sai ya murɗo tashar mutanen yamma, ta ce mayaƙan sa-kai sun yi wa sojojin mamaya kwanton ɓauna. In an murɗa gaba kaɗan, cikin shuuu da ƙara, sai ga tashar mutanen gabas da tata Hausar tana cewa 'yan ta-da-ƙayar-baya ne aka fatattaka. Dattawan da ba su taɓa wuce Zariya ba suka riƙa musu a kan tsaunukan Afganistan kamar masu rikicin iyakar gona.

Abin da manya suka tauna da dare, shi yara ke amayarwa da safe. A filin makarantarmu aka daina langa da 'yar carafke, aka koma wasan yaƙi. Ana sassaƙa bindigar kara, a hau tudun yashin da aka zube don ginin aji a ce shi ne dutse, waɗanda ke kai su ne mujahidai. Matsalar ita ce ba mai yarda ya zama ɗan gurguzu, alhali yaƙi ba ya yiwuwa sai da abokin gaba. Sai aka ga ai ga mu, ni da ƙanena Sani, ga warin shaida a jikinmu, ga kuma yayanmu a can. Aikinmu shi ne mu taho muna ruri kamar tanka, a yi mana ruwan ɓawon gyaɗa da tsakuwa, mu faɗi mu mutu. Kullum mu ke mutuwa. Ran da na gaji na ce yau kam sai mun ci, na haye tudun na ture ɗan Alhaji Tanko ya gangara, sai wani ya ɗauko danƙo da dutse na gaske. Ya harba, ya samu Sani a gira. Har yau tabon na nan, in jikokinsa suka tambaya ya kan ce a yaƙin Afganistan ya samo shi, kuma ba ƙarya ya yi ba.

A hankali kwanon Baba ya fara dawowa da saura. Da fari gefe ɗaya aka ci, daga baya loma biyu uku, sannan wata rana na ɗauko shi da nauyinsa kamar yadda na kai, miyar ta kwanta ta yi fata a sama. Ba wanda ya kori Baba, ba wanda ya ɗaga masa murya. Ana amsa sallamarsa, ana matsa masa wuri a tabarma, ana tambayarsa ya albasa ya ruwa. Hannu ne kawai ba ya zuwa kwanonsa, in kuma ya kai nasa hannun cikin na wani, sai mai kwanon ya tuna ya ƙoshi. Malam Buba wanzami ne kaɗai ke miƙa hannu ya gutsuri loma ɗaya, ya ce kai wannan miya, sannan ya dubi fuskokin mutane ya janye. Ina tsaye a gindin dakali ina ganin komai, ina jin kamar in kwashe kwanukansu in watsa a kwata.

Inna ta ɗauka laifin miyarta ne. Ta daina sa daddawar batso ta koma ta kalwa, ita da ke sayar da batso. Ta ƙara man shanu. Ta yanka zakaran da take tanadi don salla ta yi miyar taushe da ko sarki ya samu sai ya lashe yatsa. Kwanon ya dawo da cinyar zakaran a zaune a inda ta ajiye ta. A ranar ta gane, ta zauna ta tasa kwanon a gaba, mu kuma muka cinye naman muna jin kunyar daɗin da yake mana. Cinikinta ma ya ja baya. Sai in shiga gida da sallama in ce ga daddawa, a amsa daga ɗaka cewa akwai saura, alhali ina jiyo ƙamshin miyar da ba ta ga daddawa ba.

Ba rediyo kaɗai ta jawo wannan ba. Wata magana ce ta shigo gari, ba wanda ya san wanda ya kawo ta, kowa dai ya ji ta daga wanda ya ji daga mai gaskiya. Wai a ƙasar 'yan gurguzu ana barin ɗalibi ya yi karatunsa lafiya, ba a taɓa addininsa, sai ranar karɓar takardar kammalawa. Ranar ne ake shigar da shi wani ɗaki, a sa ya ɗaga hannu ya rantse cewa babu Allah, sannan a miƙa masa takardar. Wanda duk ka gani da takardar can, to ya riga ya yi rantsuwar. Da kunnena na ji Alhaji Tanko yana faɗa wa Baba, cikin taushin murya irin ta mai ba da shawara: "Malam Isa, ba ƙinka muke ba. Amma mutanen nan suna zuba wa Musulmi wuta, ɗanka kuma yana cin tuwonsu. Tun bai karɓi takardar nan ba ka kira shi. In ya karɓa, ba ni da bakin da zan ce a bi shi salla ko a ba shi mata."

Na daɗe ina jin haushin Baba a kan abin da ya biyo baya, don haka bari in yi masa adalci. Bai miƙa wuya da wuri ba. Ya fi shekara yana fita ciyayya da kwanon da ya san ba za a ci ba, yana zama yana cin tuwonsa shi ɗaya a tsakiyar mutane. Da abin ya ishe shi ya daina fita, ya koma cin abinci a tsakar gida kusa da murhu, inda mata da yara ke ci, yana juya mana baya. Mutumin da ke da ƙwanji kamar ingarma ya zube, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kuma ba kunyar mutane kaɗai ke cinsa ba. Ya yarda da maganar ɗakin rantsuwa. Bai taɓa shiga aji ba, bai san yadda ake ba da takarda ba, kuma duk wanda yake ganin girmansa ya tabbatar masa haka ne. Na sha ganinsa a lambu ya saki jigo, guga na lilo, ya zura wa ruwa ido yana motsa baki. A ganinsa ɗansa na tafiya ne zuwa bakin rami, shekara ɗaya ta rage ya faɗa.

Yaya ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma nuna damuwa da shi a gaban mutane. Ko kaset ya aiko, domin da kaset muke gaisawa tunda su Baba ba sa karatun boko, sai ta tashi ta kama shara a nesa, tana sharar wuri ɗaya har muryarsa ta ƙare. Sau ɗaya tak na ji ta karya wannan kunya. Wani ɗalibi ɗan garin Ɗankaza da suke karatu tare da Yaya ya zo hutu zai koma, Baba ya ce zai ba shi saƙo. Tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Malam, a bar yaron nan ya ƙarasa." Baba ya ce, "Ya ƙarasa me?" Ta ci gaba da kaɗa rariya ko da garin ya ƙare.

Ba mu da rikoda, sai ta Alhaji Tanko. Da la'asar aka fito da ita ƙofar zaure, aka sa sabon batir, dattawan ciyayya duk suna zaune. An kira ni da Sani mu fara gaisuwa kamar yadda muka saba, na ce Yaya ina wuni, ya sanyi, na ci jarrabawa, ka sayo mini 'yar tsana. Sannan Alhaji ya tura rikodar gaban Baba. Baba ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya ce kowa lafiya, albasa ta yi kyau bana. Sannan ya ce, "Kai yaro, in ni na haife ka, ka bar abin da kake yi ka dawo gida. Kada ka karɓi takardar mutanen nan. In ni na haife ka." Alhaji ya danna maɓalli, aka shafa fatiha. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ga kamar magana ce kawai. A wajenmu in uba ya faɗi haka, ya rufe kowace ƙofa, ba a bar wa ɗa komai ba sai ya zo ko ya zama ba ɗa ba.

Ya zo. Ana tsakiyar damina ya sauka a tasha da akwati ɗaya da kwat ɗin Alhaji a hannu, ya yi fari ya rame, ya tara gashin baki. Bai manta da 'yar tsanata ba, ta katako ce, in an buɗe cikinta sai a sami wata, a buɗe wannan a sami wata. Da ya tashi alwalar magariba a ƙofar gida, mutane suka yi kamar suna hira alhali idonsu na kansa, ana lissafa ko zai manta shafar kunne. Bai manta ba. Bayan salla Baba ya ce in ɗauko kwano, ya sa Yaya a gaba suka nufi zauren Alhaji. Ina ajiyewa Alhaji da kansa ya jawo shi ya buɗe, ya ce a yi bisimilla. Hannuwa suka yi ta shiga. Na kawo wa Inna kwanon a suɗe tas, ina murna ina tsalle, ina jiran ta yi dariya. Ta karɓa ta duba cikinsa, ta kife shi a kan randa ta shige ɗaki. Sai da safe ta wanke shi.

Bayan kwana biyu ina tsince gurguzu a bakin ƙofarta, Yaya ya zo ya tsuguna daga waje ya gaishe ta. Ba ta tambaye shi komai ba, shi ya faɗa don kansa, da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce babu wani ɗaki, babu wata rantsuwa. Ya ga waɗanda suka gabace shi sun karɓi takardunsu a babban zaure, an tafa musu, sun koma masauki sun yi sallarsu. Ya ce gaskiya ne mutanen can ba su damu da addini ba, ana koya musu darasin aƙidar dole, su haddace su rubuta su manta. Yaƙin kuwa, ya ce mutanen zauren Alhaji sun fi shi saninsa, domin a can ba a cika faɗa ba, sai dai wata dattijuwa mai share musu masauki da aka kawo mata gawar ɗanta a akwatin ƙarfe da aka hana ta buɗewa. Inna ta ce daga cikin ɗaki, "Ka faɗa wa Malam?" Ya ce, "A'a. In na faɗa masa, da me zai zauna?" Bai sake tayar da maganar ba har abada, ni ma da na ji ban taɓa kai ta gaba ba sai yau.

Wanda ya bar karatu da kansa ba a mayar da shi, kuma ba takarda ba aikin gwamnati. Yaya ya kafa rumfa a bakin titi kusa da gada yana gyaran injin ban-ruwa, lokacin sun fara shigowa hannun manoma. Ya harhaɗa wani daga tarkacen da aka zubar ya kai lambun Baba, aka kwance jigo aka yi itacen girki da shi. Sunan Gurguzu kuwa ya bi shi, har yaran da aka haifa daga baya sun ɗauka sunansa ne na yanka, su ce an aiko su wajen Malam Gurguzu. Yana amsawa. Ɗan Ɗankaza da ya kai kaset ɗin ya kammala ya dawo da takardarsa, ya zama babba a aikin ruwa, yana zuwa da mota mai direba. Na ga ranar da ya tsaya a layinmu, dattawan ciyayya suka miƙe tsaye suna gaishe shi da ranka ya daɗe, Alhaji Tanko na riƙe da hannunsa biyu-biyu yana roƙon a samar wa ɗansa gurbi. Ba wanda ya tambaye shi ɗakin rantsuwa. Baba na zaune a wajen, ya bi motar da kallo har ta sha kwana, sannan ya dubi ƙasa. Tun daga ranar ban sake jin ya ce a murɗo labaran duniya ba.

Sojojin Sobiyat sun fice daga Afganistan a 1989, ba a jima ba tarayyar tasu ma ta wargaje. Waɗanda suka ba da makamai suka tattara suka tafi, suka bar mutanen ƙasar suna juya bindigogin a kan juna. Bayan wasu shekaru, tashar da ta koya mana kiran mutanen kan dutse gwaraza ta sake musu wasu sunayen, har ƙasar da ta ba su makamai ta dawo tana yaƙi a kan duwatsun nan. Ciyayyar ma ba ta yi tsawon rai ba. Malam Buba ya rasu, Alhaji ya bi shi, 'ya'yansu suka rushe zauren suka yi shaguna. Kowa ya sa ƙofar ƙarfe, ya koma cin abinci a gaban talabijin. Abin da Baba ya sayar da karatun ɗansa don ya tsare, bai kai shekarun da karatun zai yi amfani ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yanzu.

A ƙarshen rayuwarsa Baba ya makance, abokansa duk sun riga shi. Amma bayan kowace magariba sai ya sa a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, a fito masa da tuwonsa, don ya ce namiji ba ya ci a ɗaka. Mutane na wucewa a kan babura, wasu su yi sallama wasu ko kallo. Mutum ɗaya ne ke zuwa. Zai rufe rumfa, ya biya gidansa ya ɗauko kwanon da matarsa ta zuba, ya tako har layinmu, ya ajiye kusa da na Baba. Hannunsa baƙi ƙirin da man inji, irin baƙin da sabulu ya daina fitarwa. Su buɗe na wannan su ci, su koma na wancan, jefi-jefi Baba ya tambayi ya ruwan kogi. Ina zuwa ganin gida na tarar da su haka, na tsaya daga zaure. Na ga Baba ya lalubo tsokar nama a miya, ya tura ta gefen Yaya a hankali don kada a gane. Yaya ya bari ya ɗan jima, ya turo masa ita. Baba ya sake lalubo ta ya mayar.

Yau duk ba su. Ni ce tsohuwar gidan, jikokina na zaune kusa da ni kowa da waya a hannu, suna kallon wasu yaƙe-yaƙen na wasu ƙasashe, suna zaɓen ɓangare da zafi kamar an taɓa gonar ubansu. Ba na hana su, tausayin wanda ake zalunta ba laifi ba ne. Sai dai in na ji sun fara laƙaba wa wani yaron unguwa sunan abokan gaba, nakan ce a ajiye wayoyin nan a zo a ci abinci, kuma a kira shi. Suna ganin rigimar tsufa ce. Ina kewar zamanin da maƙwabta ke sa hannu a kwano ɗaya, ko da yake na ga abin da janye hannun ke yi wa mutum. Ba a taɓa harba harsashi ɗaya na yaƙin nan a Wudil ba, amma a gidanmu an yi asara.